Kwanon Walƙiya da Idon Kaka Saude

Isa, gidan Kawu Alhassan.

Zuwa ga Kawu Sodangi,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe ina gaishe ka Kawu, da hwatan wagga takarda ta iske ka lahiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na asibiti. Allah shi ƙara maka lahiya da nisan kwana, shi tsare ka can Kaduna, garin mutane. Ni na Halliru ɗan Binta ƙanwarka, wanda kab bari Burkusuma ina bin awaki. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa ga boko ba, yadda nike magana haka nike rubutawa. Mu nan muna lahiya sai godiya. Ruwa dai sun ɗauke tun gero bai yi ciki ba, namu na Burkusuma ya bushe tsaye, shi yas sa Inna Binta tac ce in taho Isa in zamna wurin Kawu Alhassan in rage ma gida baki guda. Ban daɗe da zuwa ba, har yanzu ina ɓacewa cikin kasuwa. Nan ma hatsi ya yi wuya, rijiyar gida ta ja ƙasa har an yi ma guga ƙarin igiya, tumaki kuwa kwali suke ci in sun samu. Amma ba a rasa kowa ba, alhamdu lillahi.

Abin da yas sa nir rubuto, zancen idon Kaka Saude na. Ka san na hagu ya riga ya tahi tun shekarun baya da wani mai sakiya, irin masu aikin ido na gargajiya, yas sa mata allura, tag gani kaɗan, daga baya ciwo yaz zo yar ruhe shi gaba ɗai. To na dama ma yanzu yanar ido ta ruhe shi, ya yi hwari kamar an ɗiga nono. Da kab buga waya kac ce kada a bari kowa shi taɓa idon sai likitan wurinku ya ga hotonai kusa da kusa, Kawu Alhassan bai musa ba, amma ranai bai kwanta ba. Kwanan baya ta taka murhu ta ƙone ga ƙahwa, kuma shi Kawu Alhassan shina shirin kora dabbobi kudu neman ciyawa, ba shi son shi tahi shi bar ta haka. Akwai wani mai sakiya da ke zuwa kasuwar Bafarawa, an ce hannunai da kyawo, an ce kuma ya kusa ƙetarawa Nijar. Kawu Alhassan yac ce in hoto bai samu ba, kuma ba a ji wata magana mai ƙarhi daga gare ka ba, za shi ɗauke ta bisa babur shi kai ta kahin mutumin shi wuce. Yac ce na wancan karon ƙaddara ta, da mugun hannu. Kaka kuwa tac ce ita duk abin da ɗiyanta sunka yanke shi ke nan.

Mai hoto guda muke da shi cikin dangi, Wada mijin Inna Tani, mai shago kusa da tashar Sabon Birni. Kamarar tai ƙarama ta, ba ta kai tahin hannu ba, tana da gilashi ga baya inda mutum ke ganin hoton nan take. Ni ban taɓa riƙa irinta ba. Tun da hwarin bana yaz zo ba a biki ba a suna mai taro, Wada zamne shike yini shina korar ƙuda, sai yac ce in riƙa zuwa ina taya shi mu ga yadda za a yi. Amma kai ka san Wada surukin Kaka na, ba ta ɗaga kai gabanai, shi ma ba shi shiga ɗakinta. Sai Kawu Alhassan da Wada sunka shirya cewa Wada shi shigo shiru kada shi yi magana ko tari, ni in ce mata wani mai hoto na daga Sakkwato. Ni ma nig ga dabarar ta yi, don a tunanina wanda ba shi gani ba shi da wanda za shi ji kunyar kallo.

Da hwarko ba mu ma kai ga Kaka ba, ga idon tunkiya munka gwada a shago. Akwai alamar hure ga kamarar, in an danna ta sai ta yarda a matsa kusa. Amma da Wada yam matsa yad danna, wutar kamara, wadda shike ce ma hilashi, tat tashi, hoton yah hito hwari hwat ba ido ba tunkiya, ga kuma inuwa baƙa ta gehe guda. Yac ce wutar tana bisa kusurwa ta, ba ta tare da idon kamara, kuma an yi ta don mutane da ke tsaye nesa, in an kusa sai ta ƙone hoton. Munka kashe ta munka gwada da tocila, hoton yay yi dishi-dishi don hannu na rawa, tunkiya kuma tar rumtse ido. Munka gwada cikin rana, sai sama da itace da kanmu dut sunka hito cikin idon sunka ruhe abin da ake son gani. Wada yac ce ya taɓa ganin wata hitila mai kamar zobe wurin wani mai hoto a Maraɗi, idon kamara na leƙowa ta tsakiya, haske na zuwa ta ko'ina lokaci guda. Yac ce ba a saida ta nan, ko Sakkwato ba shi jin akwai, sai dai mu ƙera tamu.

Ga yadda munka yi, ko likita za shi tambaya. Munka ɗauko kwanon silba na tuwo daga ɗakin Inna Tani, munka kai ma mai gyaran bokiti yah huda gindinai daidai faɗin gwangwanin tumatir. Munka cire ma gwangwanin sama da ƙasa yaz zama kamar bututu, munka zura shi cikin hudar, nan idon kamara ke leƙowa. Ga gehen kwanon anka yi wata taga ƙarama. Munka naɗe kwali yay yi kamar maƙogwaro, munka liƙa mai takardar ƙyalli ta cikin kwalin shayi da ƙaro, baki guda shina ruhe wutar kamara, guda shina shiga tagar. In an danna, hasken ba shi zuwa gaba, sai shi bi maƙogwaron shi shiga kwano shi zagaye gwangwanin. Bakin kwanon kuwa munka ruhe shi da hwarar leda munka bar hudar tsakiya, don hasken shi hito da laushi. Dut munka ɗamre da robar tayar babur. Da Inna Tani tag ga kwanonta tac ce Allah shi shirye mu, amma ba komi, bana kwanon ya hi wata bai ga tuwo ya cika shi ba, gara shi samu aikin yi.

Bai yi ba tashi guda. Da hwarko gehen da tagar take ya hi haske, ɗayan gehen duhu, sai munka lanƙwasa wata 'yar takardar ƙyalli cikin kwanon ta raba hasken biyu, rabi dama rabi hagu. Sannan gwangwanin shina ƙyalli ta ciki shina sa ma hoton hazo, nish shahe shi da baƙin tukunya. Wanga ni nit tuna shi, Wada yac ce ashe kan ƙauye ma shina aiki in an girgiza shi. Da munka sake gwadawa ga tunkiyar, Kawu, ban taɓa ganin abu haka ba. Gashin ido guda guda, da jan jijiya, har da wata kaska ƙarama da ke maƙale ga hwatar idon wadda ba wanda yas san da ita. Niɗ ɗauko zangarniyar gero da niz zo da ita daga gonarmu munka ɗauka, nig ga kowane gurbi ba ƙwaya ciki sai ƙaiƙayi. Na san haka take tun gida, amma ban taɓa ganin ta kusa haka ba.

Munka ɗauki kwanon munka taho Isa bisa babur ɗin Wada, ina rungume da shi kamar jinjiri. Anka zamnar da Kaka bisa tabarma bakin ƙohwar ɗakinta inda ke da inuwa. Nic ce mata ga mai hoto daga Sakkwato. Tac ce sannu da zuwa, tas sunkuyar da kai. Nic ce ta ɗaga, taɗ ɗaga kaɗan, amma idon na kallon ƙasa, hwatar ido ta ruhe rabi. Wada yad danna yad danna, ba abin da ke hitowa sai gira da gashin ido. Da munka hita waje yac ce hasken na ya yi mata ƙarhi, ido mai ciwo ba shi son haske. Munka koma Sabon Birni munka ƙara leda. Munka dawo, tas sake sunkuyawa. Munka sa ƙyallen akoko bisa ledar, hoton yay yi duhu, ita kuwa kai na ƙasa. Haka munka yi ta kai da kawowa, man babur na ƙarewa, kasuwar Bafarawa na matsowa. Kawu Alhassan yab bar tambayar mu, nig ga ya sa an gyara mazamnin babur ɗinai an ɗamra mai matashi.

Inna Tani ta ta warware muna. Ta zo gida duba ƙahwar Kaka, tat tarar da mu zamne cikin zaure muna shawarar ko mu sa madubi. Da taj ji abin da muke ciki tay yi dariya har tar riƙe bango. Tac ce ma Wada babur ɗinai da salansa ta hwashe tun bara, dut shiyyar nan har jakkai sun san kukanai, ga turaren nan nai da ke riga shi shiga gida, shi na za shi zama baƙo daga Sakkwato? Tash shiga wurin Kaka, ni ina biye. Kaka tac ce tun ranar hwarko ta san ko wane na, ta yi shiru na don kada ta kunyata shi, tunda ya zaɓi shi zama mutumin Sakkwato. Tac ce ido ta rasa, ba kunya ba, ko kabari za a sa ta ba ta buɗe ido ta zuba ma mijin ɗiyarta. Tac ce ba ta ma san ana wani haske ba, ita ƙasa take kallo. Kawu, mun yi kwanaki muna ma kwano magani, ashe kwano lahiyatai lau.

Inna Tani tac ce a cire akoko da ƙarin ledar, a ba ni kamarar, tunda ni jika na, mijin Kaka na wasa, ko harara ta yi min ta halatta. Ni kuwa ko kunna ta ban iya ba. Wada yaz zamna da ni cikin zaure shina nuna min, ga alamar hure, ga wurin dannawa, in danna rabi in jira ta yi ƙara kaɗan sannan in ida, kada in yi numhwashi. Yas sa nig gwada ga idon Kawu Alhassan har hannuna yas saba. Sannan Kaka tac ce ita ba ta yarda ba sai ta ji tahiyatai da kunnenta. Dole Wada yat tada babur yat tahi can wajen tasha, muna jin kukan salansar har ya ɓace. Sai tag gyara zama tac ce to ina angon nata.

Nij jawo turmi nik kihe shi gabanta, nid dasa guiwar hannuna bisa don kada in yi rawa. Tal lalubo kwanon da hannu, taj ji hudar, tac ce ita dai ta yi rashin sa'ar miji, maza na kawo cehwane shi ya kawo mata kwano ba komi ciki, shi ma hudajje. Nic ce ta yi haƙuri shekarar ta, in kuma ba ta iyawa za ni sake ta in amro mai haƙora. Tac ce wa za ta amri mai ƙahwa kamar karan dawa, wanda ko gemu bai hito mai ba. Nic ce ai 'yan matan Burkusuma layi suke yi. Nan taɗ ɗago kai tab buɗe idon gaba ɗai tana neman inda nike don ta zage ni da kyawo. Nid danna rabi, kamarar tay yi ƙara, niƙ ƙarasa dannawa.

Zagin ma ba ta ƙarasa shi ba. Taj juya kai wajen gabas tana saurare, sannan tac ce ma Inna Tani ta yi maza ta hito da tukwane ta kwashe shanya, an yi walƙiya. Tat tambaya ko hadarin ya yi baƙi, don ita ba ta ji iska ba. Sama kuwa ko gajimare guda babu. Ni nic ce mata Kaka ba hadari ba na, kwanon nan na. Sai tac ce in sake. Nis sake, tac ce ta gani. Inna Tani tac ce in koma ta dama in danna ba tare da na hwaɗa ba, nik koma, tan nuna da yatsa daidai inda nike. Nik koma hagu, tan nuna. Ban san ko wanga na da amhwani wurin likita ba, amma na ga ya kamata in gaya maka, don mu dut mun ɗauka idon ya mutu.

Kawu Alhassan shina tsaye bakin ƙohwa ya ga komi. Ita da kanta tak kira shi, tac ce na hagu tun da ciwon allura yar ruhe shi ko rana ba shi gani, wanga kuwa ya ga walƙiya, don haka ba ta zuwa Bafarawa, a bar mata shi yadda shike sai Sodangi ya yi magana. Kawu Alhassan yac ce mai sakiya za shi wuce hwa. Tac ce shi wuce, Allah shi kiyaye hanya. Sai Kawu Alhassan yat tahi yak kwance matashin daga babur. Ya ɗaga tahiyatai kudu, amma ka san dabbobi ba su iya jira da yawa, kullum sai an tada wata da hannu. Don haka nike roƙon ka, da takardar ga ta iso ka nuna ma likita, ka buga waya ga lambar Wada ka gaya muna ko a kawo ta ko a'a. In an ce a kawo ta, ta ce ni za ni riƙa mata sanda har Kaduna, ni da ko Sakkwato ban taɓa zuwa ba. Na ce to.

Hotunan suna cikin ambulan ɗin ga, Wada ya wanke su manya, mun sa kwali gaba da baya don kada su lanƙwashe hannun direba. Kwanon kuwa Kaka ta hana a maida ma Inna Tani, shina rataye cikin ɗakinta. Duk ranar da Wada yab ba ni aron kamarar sai ta ce in zo in yi mata walƙiya guda, ta ce tunda sama ta ƙi. Wada na ƙorahin batir amma bai taɓa hanawa ba.

Kaka Saude tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ƙahwar ta yi sauƙi. Kawu Alhassan shina gaishe ka, da Inna Tani, da Wada wanda yac ce a rubuta gaisuwa daga mutumin Sakkwato. Ka gaida Inna Fadima da ƙannena su Abu, Allah shi raya su. A ci gaba da yi muna addu'ar ruwa.

Abu guda kada in mance. In likita ya duba hoton za shi ga wani hwarin zobe bisa idon, ka gaya mai ba ciwo ba na, kwanon Inna Tani na. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar zoben kuwa ni na da kamara, ni take harara.

Naka mai biyayya,
Halliru ɗan Binta.